Sharhi: Shin Kwalliyar Babbar Mota Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Katsina, ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa har Kankiya, ya san cewa manyan motocin kaya ba su zama ɗaya a ido ba. Akwai wadda aka wanke tas, fenti yana sheƙi, an zana mata zaki ko gaggafa a ƙofar baya, an rubuta mata kirari a goshi. Akwai kuma wadda tsatsa ta cinye gefenta, fitilar baya guda ta mutu, lambarta ma sai an matso ake iya karantawa. A tashoshi da garejoji ana yawan ja-in-ja a kan waɗannan motoci biyu. Wasu na ganin mai ta farko almubazzari ne, yana zuba kuɗi a abin da ba ya ƙara wa mota gudu ko ƙarfin ɗaukar kaya. Wasu kuma na ganin mai ta biyu ne ke cutar kansa, domin ya bar jarinsa yana lalacewa a gabansa.

Tushen ruɗanin shi ne an tattara abubuwa daban-daban an kira su da suna ɗaya, wato kwalliya. Idan aka rarrabe su, za a ga cewa wani ɓangaren wajibi ne, wani halal ne idan da hali, wani kuma cuta ce tsagwaronta.

Su wa ake magana a kansu

Direban babbar mota iri uku ne. Akwai direban kamfani, wanda ke jan motar da launinta da tambarinta duk kamfani ne ya tsara, kamar motocin Dangote ko BUA. Akwai direban da ke jan motar wani attajiri yana kai masa balas, wato kuɗin da ya rage bayan an cire na mai da na hanya. Sai kuma direba mai motar kansa, wanda shi ne mai jari, shi ne kuma a bakin sitiyari. Wannan na ukun shi ne abin dubawa a nan, domin duk nairar da ya kashe wa mota daga aljihun da yake ciyar da iyalinsa ta fito. Cikinsu har da wanda ya karɓi mota bashi yana biya kaɗan-kaɗan, wanda motar ba ta gama zama tasa ba tukuna.

Motocin da ake nufi sun haɗa da kanta, ƙaramar motar kaya da ke shiga ƙauyuka. Da tifa mai jibge yashi da tsakuwa. Da roka, tsohuwar Marsandi mai dogon hanci. Da tirela mai jan dogon bodi zuwa Legas ko Fatakwal. Bodi shi ne akwatin bayan mota da ake zuba kaya, na katako ko na ƙarfe.

Abin da ake kira kwalliya kuwa kashi uku ne. Kashi na farko kariya: wanki, fentin hana tsatsa, gyaran inda ƙarfe ya lotsa, tamfol mai kyau. Kashi na biyu alamun tsaro: fitilun gaba da na baya, sigina, madubai, lamba mai karantuwa, da tef mai ƙyalli da ake liƙawa a gefe da baya don hasken wata motar ya nuna shi da dare. Kashi na uku ado zalla: zane-zane, rubutun kirari, ƙarafa masu walƙiya, labule da tuntaye a gaban gilashi, ƙarin fitilu masu launi, da oda mai kiɗa.

Inda al'adar ta samo asali

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, daga baya motocin kaya suka karɓi aikin da jakuna da raƙuman fatake ke yi na kwaso amfanin gona daga ƙauyuka zuwa birni. Motoci irin su Bedford kan iso ne da inji da ƙashin mota kawai, kafintocin gida su gina bodin katako. Katako kuwa dole a yi masa fenti don kada ruwa da rana su cinye shi, kuma da zarar mai fenti ya riƙe buroshi, sai mai mota ya ce a ƙara masa fure a nan, a rubuta masa addu'a a can. Ta haka kariya ta haifi ado.

Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 an buɗe masana'antun harhaɗa manyan motoci a ƙasar nan: Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai haɗa Marsandi a Inugu, da NTM mai haɗa Fiat a Kano. Da waɗannan masana'antu suka ja baya, sai kasuwa ta koma hannun motocin da aka yi amfani da su a Turai, irin su DAF da MAN da Iveco, sannan sababbin motocin ƙasar Sin irin su Howo. Motar da ta zo daga Turai takan zo da launi da sunan kamfanin da ya yi aiki da ita a can, don haka sake mata fenti ya zama abu na farko da sabon mai ita ke tunani.

Ba mu kaɗai ke da wannan al'ada ba. A Pakistan, zanen manyan motoci sana'a ce babba a Karachi da Rawalpindi da Peshawar. A Japan akwai motocin kaya da ake cika wa fitilu da ƙarfe mai sheƙi, waɗanda suka yi tashe tun shekarun 1970. A Kenya an hana zane a jikin motocin haya da ake kira matatu a 2004, daga baya aka sake ba da izini, har da dalilin cewa matasa da yawa da sana'ar suke cin abinci. Ko'ina aka duba, mutumin da ke kwana a mota yana tashi a mota yana son a gane cewa tasa ce.

Me ya sa maganar ta yi zafi yanzu

Dalili na farko tsada. Man dizal, wanda direbobi ke kira gas, ya yi tashin gwauron zabo tun 2022, har lita ta haura naira dubu daga baya. A 2023 aka cire tallafin fetur, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Taya da batir da kayan gyara kusan duk daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu ya bi dala. Shi kansa fenti da sinadarin da ake sirka shi da shi sun yi tsada.

Dalili na biyu rashin tabbas na lodi. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sun nuna wa masu bin hanyar Jibiya da Maraɗi cewa mota na iya yin makonni a ajiye ba da laifin mai ita ba. A yanki irin Tsanyawa, aikin ƙananan motocin kaya yana bin kaka ne: gero da dawa da gyaɗa da wake daga garuruwa irin su 'Yankamaye zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau, sai jigilar taki gab da damina. Tsakanin waɗannan lokuta lodi kan ja baya.

Dalili na uku gasa. Mai mota ɗaya yana neman kaya a kasuwar da manyan kamfanoni ke da ɗaruruwan motoci masu launi bai ɗaya. Shi ba shi da ofis ko allon talla. Jikin motarsa ne kawai ke magana a madadinsa.

Hujjojin masu cewa a kashe

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce tsatsa. Motar da ta ɗauki takin zamani, ƙwayoyin da suka zube kan maƙale a kusurwar bodi, su jawo danshi, su fara cin ƙarfe a ɓoye. Motar da ta kai shanu daga Wudil ko Ɗambatta zuwa kudu, fitsari da kashin dabbobi kan kwanta a ƙasan bodi kwana da kwanaki. Wadda ta jima a layin tashar jiragen ruwa ta Apapa kuwa, iskar teku mai gishiri ta taɓa ta. Idan ba a wanke an shafa jan fentin hana tsatsa ba, ƙaramin tabo yakan zama rami, ramin ya kai mai mota wajen mai walda da kuɗin da ya ninka na fenti. Haka kuma inji da ƙasan mota masu tsabta su ne ke nuna yoyon mai ko tsagewar ƙarfe da wuri. Laka da baƙin mai suna ɓoye su.

Hujja ta biyu amana. Ɗan kasuwar da zai ɗora buhunan riɗi ko wake na miliyoyin naira ba ya buɗe inji ya duba. Abin da idonsa ya gani da shi yake hukunci: tamfol ba huda, bodi ba warin mai, ƙofar baya tana rufuwa. Dillalan lodi ma sun fi saurin tuna motar da ke da alama, su ce a kira mai zakin nan ko mai rubutun “Mahaƙurci mawadaci”. Kirarin mota yakan zama sunan mai ita a tasha, kuma suna jari ne.

Hujja ta uku farashin sayarwa. Motar da aka kula da jikinta ta fi saurin samun mai saye. Ta huɗu kuwa ta shafi zuciya: mutumin da ke alfahari da motarsa ya fi zagaya ta da safe yana dubawa, ya fi jin ciwon a buge ta, kuma ɗakin direba mai tsabta yana rage gajiyar doguwar tafiya. Sannan ga masu zane da masu fenti da masu ɗinkin kujera a wurare irin su Ƙofar Ruwa da Kwakwaci a Kano, waɗanda da wannan aiki suke riƙe gidajensu suna koyar da yara sana'a.

Hujjojin masu cewa a bari

Masu wannan ra'ayi suna cewa kuɗin lodi da nauyi da nisa ake yanke shi, ba da kyan mota ba. Buhu ɗari daga Tsanyawa zuwa Dawanau kuɗinsa ɗaya ne, ko motar na da zanen dawisu ko ba ta da shi. Mai yashi da mai bulo ba su taɓa tambayar launin tifa ba.

Suna ƙarawa da cewa hanyoyinmu ba sa barin ado ya daɗe. Ƙurar hunturu, zafin bazara, laka da rassan itatuwa a hanyoyin ƙauye, da gogayya a cunkoson kasuwa, duk suna dusashe fenti cikin ɗan lokaci. Kwanakin da mota za ta yi a wajen mai fenti kuma kwanaki ne da ba ta kawo ko sisi, alhali mai bin bashi yana ƙirga su.

Babbar damuwarsu ita ce fifiko. Tifa mai taya goma ko tirela mai sama da taya ashirin, kowace taya ɗaya kuɗi ne mai nauyi. Ana samun mai motar da zai biya mai zane, amma ya sayi tsohuwar tayar da ta gama aiki a wata ƙasa, ko ya ɗage gyaran birki zuwa bayan tafiya ɗaya. Wannan shi ne kyan ɗan maciji, kuma wanda ke biyan farashinsa sau da yawa ba mai motar kaɗai ba ne, har da yaron mota da fasinjan wata motar da mai tafiya a gefen titi.

Game da sayarwa ma suna da amsa. Mai saye da ya san mota yana tsoron sabon fenti, domin ya san ana cike ramin tsatsa da fila, wani ƙulli da ke bushewa ya yi tauri, a shafe shi da fenti. Shi ya sa wasu ke zuwa da maganaɗisu suna bin jikin mota. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne a wurin. Kuma zanen da ya burge mai mota ba lallai ya burge mai saye ba, wanda zai cire kuɗin gogewa daga farashi.

Abin da doka ta tanada

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci, da hukumar KAROTA a jihar Kano, ba su wajabta wa kowa zane ba. Abin da ake tambaya shi ne kashi na biyu, wato alamun tsaro da makamantansu: fitilu da sigina masu aiki, gilashin gaba da ba abin da ya tare shi, taya mai lafiya, abin kashe gobara, alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da tef mai ƙyalli a jikin manyan motoci. Tun Fabrairun 2017 ake tilasta wa motocin kasuwanci sanya na'urar ƙayyade gudu. Hukumar kiyaye haɗurra ta sha gargaɗi cewa taya na da wa'adi, kuma lambobi huɗu da ke jikinta suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta.

Muhimmancin wannan kashi da dare yake bayyana. Tirela ta lalace a hanyar da ba fitilun titi, yaron mota ya karyo ganye ya jera a kan kwalta, bayan motar kuma ƙura ta rufe shi ba abin da ke ƙyalli. Direban ƙaramar mota da ke tahowa ba ya ganin komai sai ya zo dab. Tef ɗin da kuɗinsa bai kai na zanen zaki ɗaya ba shi ne zai nuna masa tun daga nesa.

Akwai kuma adon da kansa laifi ne ko haɗari: jerin fitilu masu kashe idon mai tahowa, lambobin liƙawa da labulen da suka rage wa direba gani, ƙarafan da suka zarce faɗin mota, da zanen da ya rufe lamba. Wata doka ta 1977 ta hana farar hula yi wa mota fenti da koren launin soja. Wanda ya sauya launin motarsa gaba ɗaya kuma ya kamata ya gyara takardunsa, don kada abin da ke rubuce ya saɓa wa abin da jami'i ke gani.

Mahangar addini da tarbiyya

Malamai sun yi ittifaƙi cewa tsabta da kyautata abin da mutum ya mallaka abin so ne, kuma son kyakkyawan abu ba shi ne girman kai ba. Sun kuma yi ittifaƙi a kan haramcin almubazzaranci da ha'inci, don haka fentin da aka yi don a ɓoye wa mai saye aibi ya fita daga kwalliya ya shiga algus. Inda aka samu saɓani shi ne zanen abu mai rai, mutum ko dabba; wasu sun tsananta, wasu sun sassauta, shi ya sa masu mota da yawa ke zaɓar furanni da itatuwa da hoton masallaci. Malamai da dama kuma suna jan hankali a kan rubuta ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a ƙasan bodi ko kusa da taya, inda laka da ƙazanta ke fantsama. Sannan akwai haƙƙi: wanda bai sallami yaron motarsa ba, ko mai bin sa bashi na jira, ba shi da hujjar kai kuɗi wajen mai zane.

Yadda za a auna

Mai doki ba ya sayen kayan hawan salla alhali dokin bai ƙoshi ba. Haka lissafin mota yake, kuma ana iya jera shi kamar haka:

1. Birki, taya, sitiyari, fitilu da tef mai ƙyalli.
2. Takardu: lasisi, inshora da shaidar lafiyar mota.
3. Haƙƙin mutane: bashin mota, kuɗin yaron mota, cefanen gida.
4. Juyen baƙin mai a kan lokaci, wanki bayan kowane kaya mai cin ƙarfe, da fentin hana tsatsa.
5. Ajiyar ko-ta-kwana da za ta iya sayen taya ko ta ɗauki nauyin gyaran inji ba tare da an ci bashi ba.
6. Ado, daga abin da ya rage.

Irin aikin mota ma yana sauya amsar. Mai ɗaukar kayan abinci ko kayan kamfani, wanda ke mu'amala da 'yan kasuwa iri ɗaya shekara da shekaru, kyan jikin motarsa na iya jawo masa lodi. Mai tifa ko mai jigilar itace da dabbobi, kuɗinsa ya fi amfani a ƙarfafa ƙasan bodi. Kuma cikin ado kansa akwai mai araha mai amfani: suna ko kirari guda da lambar waya, a rubuce da kyau a ƙofa, sun fi jerin fitilu ashirin kawo ciniki. Lokacin yi kuma shi ne sa'ad da lodi ya ja baya, ba tsakiyar kaka ba.

Idan masu mota suka bi wannan tsari, abin da za a gani shi ne motoci masu daɗewa, raguwar karo da motocin da suka lalace da dare, da ɗorewar sana'ar masu zane a kan ciniki na halal. Idan kuwa gasar burgewa ta rinjayi lissafi, ƙarshenta bashi ne da sayar da mota. Idan aka yi watsi da jikin mota gaba ɗaya da sunan tattali, tsatsa za ta karɓi abin da aka hana mai fenti, har da riba.

Kammalawa

Kariya da alamun tsaro ba kwalliya ba ne. Ɓangare ne na jari da na kare rai, kuma mai motar kansa ba shi da zaɓi a kansu. Ado zalla halal ne, al'ada ce mai tarihi da ke ciyar da gidaje, amma daga rara ake yin sa, ba daga kuɗin taya ko na bashi ba. Adon da ke kashe idon wani, ko ya tare ganin direba, ko ya ɓoye aibi, wannan a bar shi ko da kyauta ne.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motocin sufuri ta NARTO a Tsanyawa da Bichi da sauran tashoshinmu, su mayar da duba fitila da tef da taya sharaɗin shiga layin lodi. Kai kuma mai mota, kafin ka kira mai zane, ka fara kiran bakanike ya duba maka birki. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a nema.